Jan Zaren Malam Mode

Mijina Malam Mode tela ne a Ƙofar Dundaye, shekara talatin da ɗoriya. Yana ɗinka riguna kamar kowa, amma da tuta aka fi saninsa. Ni Iyatu, nakan kama masa bakin yadi in ya kawo aiki gida, da haka na iya keken.

Aikinsa na ƙarshe na Alhaji Tambari ne, shugaban 'yan kasuwar shanu. Bayan an buɗe iyaka, 'yan uwansu na Ƙonni za su zo a zauna a gyara tsakani, don an ɗan yi ɓacin rai lokacin da hanya take rufe. Alhaji ya ce a ɗinka tuta biyu manya, tamu da ta Nijar. Malam ya gama tamu, ya yanka ta Nijar, sai ciwo ya kwantar da shi. Kwana tara ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Taron ya yi ta ɗaguwa har na fita takaba. Da Alhaji ya aiko a karɓi yadin a kai wa wani tela, na ce a'a, ni zan ƙarasa. Na haɗa ƙyallen ruwan goro da fari da kore, na ɗora rana a tsakiya. Ina ɗinki ina share ido, don alamar allin Malam tana nan a jikin yadin. Ranar Laraba aka zo aka karɓa.

Ranar Alhamis da hantsi, ranar taron, ina kakkaɓe akwatin kekensa sai ƙwaryar jan zare ta faɗo. Duk tutar wata ƙasa da Malam ya ɗinka, sai ya yi ƙulli da jan zare a kusurwar sama. Yakan ce mutanenmu sun saba da tamu, wadda ko ta ina ka juya ta daidai ce, shi ya sa ba sa duba sama da ƙasa. Ya taɓa ba ni labarin baƙin da suka ga tutarsu a kife suka ƙi fitowa daga mota. Ni kuwa na manta ban yi ƙullin ba. In aka kife ta, ba za a ce Iyatu ba, za a ce tutar Mode.

Na ɗauki jan zaren, na soka allura a gefen hijabi, na tare Keke Napep zuwa Arkilla, inda za a yi taron. Tun daga bakin titi na hango tutar a saman sanda, kore a sama.

Wani mai babbar riga yana jera kujeru, Salisu sakataren ƙungiya. Na gaishe shi na ce a sauko da tutar, a kife take.

Ya dube ni ya yi dariya. "Inna, tuta ai ba tukunya ba ce da za ta kihe. Kore ai shi aka sawa sama, ko ba ki ga tamu ba?"

"Tamu tsaye take, ɗan nan. Wagga kwance take."

"Ke wa ya hwaɗa miki?"

"Wanda ya yanka ta."

Hayaniyarmu ta fito da Alhaji Tambari. Da ya gane ni ya rage murya. "Iyatu, lahiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Alhaji. Malam ya ce rairayi sama, shuka ƙasa, rana tsakiya. Haka ƙasarsu take, haka tutarsu take. Ku sauko da ita."

Salisu ya latsa wayarsa don ya ƙaryata ni. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya tura hula ƙeya ya nufi igiya da sauri. Alhaji ya ce, "Kai da bokonka, Salisu! Da yau ka sa mun sha kunya gaban baƙi."

Da ta sauko na ce su dakata. Na durƙusa a wurin, na zare allurata, na yi ƙullin ja a kusurwar ruwan goro, sau uku kamar yadda Malam yake yi. Aka sake ɗaga ta. Tana kaiwa sama sai ga motocin baƙi sun shigo.

Na koma gindin dogon yaro na tsaya. Wani dattijo mai rawani ya fito daga motar gaba, ya ɗaga kai ya dubi tutocin biyu. Ya miƙa wa Alhaji hannu biyu, suka shige ciki suna dariya. Shi ke nan abin da na zo gani.

Salisu ya biyo ni da lemo a hannu, yana ta "Inna, ki yahe mini." Na ce ya bar shi, nima ai mantuwa na yi.

Da na koma gida na mayar da jan zaren inda yake, na rufe keken. Na zuba tuwon da ya kwana na cinye tas. Rabona da cinye kwano guda tun kafin Malam ya kwanta.