Kukan Mashin

Rabe ya sake murɗa totur. Mashin ya yi ta kururuwa kamar ana yanka shi, amma tafiyar ba ta fi ta jaki ba. A bayansa mahaifinsa ne, Malam Mahmudu, ɗaure a jikinsa da rawani. Kububuwa ce ta sare shi a gona da hantsi, ga ƙafar har ta kumbura, asibitin Jibiya kuwa da saura.

Jiya-jiyan nan Rabe ya kwance kulocin da hannunsa a tsakar gida. To wa zai kai wa? Bakaniken ƙauyensu ya yi ƙaura tun da 'yan bindiga suka matsa musu. Ya sa sababbin filet, wato faifan cikin kuloci, ya ɗaure, ya zaga gida sau ɗaya, har yana cika baki.

Ya tsaya a gindin wata bishiyar bedi, ya sassauta wayar kuloci, ya gwada. Banza. Ya ƙara sassautawa, ya sa giya ɗaya. Sai ƙaurin ƙuna ya bugi hancinsa. Wayyo, a bushe ya jera filet ɗin, bai jiƙa su a baƙin mai ba!

"Rabe, mi ya faru?" in ji tsohon, muryarsa can ƙasa.

"Ba komai, Baba. Ga ƙauyen su Ɗanladi nan gaba, shi ma bakanike ne, kuma yana da mashin."

Tsakaninsu da ƙauyen akwai yashin rafi. Rabe ya murɗe totur har ƙarshe, yana dogarawa da ƙafafu, injin yana ihun da ya cika dajin. Da kyar suka haye.

Garin wayam. Ga tuwo a kan wuta, ga takalmin yaro wari ɗaya a hanya, ga sifanonin Ɗanladi a zube, mashin ɗinsa kuwa babu. A wannan yanki da 'yan bindiga ke zuwa a kan mashina, wa zai ji irin wannan ƙara daga daji ya tsaya tambaya?

"Jama'a, ni ne Rabe! Ku fito, don girman Allah!"

Ihun injin ya haɗiye muryarsa. Tsoro ya hana shi kashewa, kada ya ƙi tashi.

"Kashe shi, ɗana," in ji tsohon. "Kwance ni."

Ya kashe, ya shimfiɗe mahaifinsa a rumfar Ɗanladi. Jini na fita ta dasashin tsohon. Rabe ya riƙe hannunsa yana kuka, yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Sai bayan la'asar mutane suka fara lallaɓowa daga cikin dawa. Ɗanladi ne ƙarshen dawowa, yana turo mashin ɗinsa a kashe. Ya dubi gawar, ya yi salati, ya dubi mashin ɗin Rabe, idonsa ya ciko.

"Haba Rabe," ya ce. "Da turo shi ka yi, wallahi da ka same mu."