Reshen da Ya Bi ta Rariya

"Cire hannunki daga ƙasar nan."

Ina durƙushe a gindin katanga, yatsuna cikin laka, sai muryar ta fito ta rariya kamar mai magana a cikin tulu. Na ce, "Baba, ciyawa fa nake cirewa."

"Ciyawa? Tono nake ji. Ƙafa ce ta tafi, 'yar nan, kunne yana nan."

Maƙwabcinmu ke nan, Baba Mai Almakashi. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba ma'aikata a gonar inabin da ke bayan unguwarmu, da ƙarfi ya ragu aka mayar da shi cibiyar koyon sana'a yana koyar da noman inabi. Almakashin datse reshe ba ya barin aljihunsa. Ko asibiti za shi, da abinsa yake tafiya, har likita ya taɓa roƙonsa ya ajiye shi kafin ya hau sikeli.

Ni kuwa tela ce, sai ido ya fara yi mini gardama, zare ya daina shiga allura. Da na gaji da ɓata wa mutane yadi, na je na shiga ajin inabi a cibiyar, ni da yara sa'o'in 'ya'yana. Lokacin Baba ya riga ya ajiye aiki. Da safe in yi karatu a can, da yamma ya titsiye ni ta kan katanga.

"Yau me aka koya muku?"

"Ɗaure reshe a waya."

"Wa ya koyar?"

"Dogon nan mai tabarau."

"Ɗalibina ne, ya iya. Ke ce dai ban yarda da ke ba."

Haka yake, bai iya yabo ba. Ni ma ban iya shiru ba, shi ya sa muka shaƙu.

A tsakar gidansa akwai wata tsohuwar kurangar inabi, kauri kamar damtsen mutum, ta rufe rumfa tun daga ƙofar ɗaki har bakin famfo. 'Ya'yanta ƙanana ne baƙaƙe, zaƙi har ya sa ka lumshe ido, amma fatarsu ba ta jure mota, kafin a kai kasuwa sun fashe. Don haka gona ta tumɓuke irin gaba ɗaya ta dasa wani. Ita kaɗai ta saura a duk yankin. Gidan kuma na gona ne, an gaya masa tun tuni cewa ranar da ya bar shi za a malale tsakar gidan da siminti a riƙa tara akwatuna. Bai taɓa jin haushi ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, kada kurangar ta bi shi.

Mun yanki rassa mun dasa a leda, duk suka bushe. Ya ce irin nan taurin kai gare shi, ba ya yin saiwa sai yana manne da uwarsa. Sai ya lanƙwaso wani dogon reshe ba tare da ya yanke shi ba, ya zuro shi ta rariya zuwa gidanmu. Ni kuma na binne tsakiyarsa, na ɗora dutse, na bar kansa a waje. Uwar za ta ci gaba da ciyar da shi ta cikin katanga har ya yi saiwar kansa, sannan a raba su.

Aikina kawai in ba da ruwa in jira. To, jira ne Allah bai ba ni ba. Reshen farko kullum sai na tona na leƙa, har na kakkarya 'yan saiwoyin da suka fito, ya mutu. Wannan na biyu ne, kuma babu sauran wani reshe da tsawonsa zai kai rariya.

"In kika kashe wannan," in ji shi ta ramin, "sai ki binne ni a wurin, ko ni zan yi saiwa."

"Kai da ko zama wuri ɗaya ba ka iya ba?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin ya daɗe, ban ji daɗinsa ba.

Maigidana direba ne, yana dawowa sai ya tarar da ni da buta a gindin katanga. "Ni in na dawo ba a tambaya ko na sha ruwa," in ji shi, "amma wannan sandar safe da yamma." Shi ɗin kuma shi ya samo waya ya kafa mata a kan sanduna, wai kada ta ga kamar ba a yi murna da zuwanta ba.

Ba a daɗe ba Baba ya daina fitowa tsakar gida. 'Yarsa, wadda yake kira Auta, ta baro aikinta a wani gari ta zo jinya. Ta jawo masa gado bakin taga don ya riƙa ganin rumfar. Ɗakin sai warin man zafi da lemon da ba ya iya sha, takalman gonarsa na ajiye a bayan ƙofa da busasshiyar laka a jikinsu. Auta ta so ta wanke, ya hana.

Ranar da aka ba ni layukan inabi a gonar cibiya in duba aikin 'yan ajinmu, ban ko cire hular rana ba na shiga gaya masa.

"Me kika fara dubawa?"

"Bakin almakashinsu. Wanda bai goge ba na mayar da shi."

Ya ce, "To, ba laifi." A wurin Baba wannan kyautar mota ce. Sai ya ce, "Je ki ja kan reshen nan a hankali. Ja na ce, ba tono ba."

Na je na ja. Ƙasa ta riƙe shi gam, ga sababbin ganye a kansa. Na dawo da gudu kamar yarinya.

Ya lalubo almakashin daga ƙarƙashin matashi ya miƙo mini. "Lokacin yaye ya yi. Ki yanka daidai bakin rariya ta nan gefen. Rabi kawai. Ya fara jin yunwa, ya koyi neman abinci da saiwarsa. Bayan kwana biyu sai ki ƙarasa."

Na ce, "A ƙara masa lokaci mana, Baba. In saiwar ba ta yi ƙwari ba fa?"

"Shi yana da lokaci. Ni ne ba ni da shi."

Auta ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Na fita na durƙusa a gindin katangarsu. Ni da na yi shekaru ina keta yadin mutane ba ko ɗar, ranar sai da na ɗora almakashin sau uku kafin na iya matsawa. Na yanka rabi, ruwa ya taru a bakin yankan ya ɗigo.

"Kuka yake yi," na ce ta taga.

"Zai daina. Ke ma haka."

Kwana biyun nan ba su zo ba a wurina. Duk sanda ya tambaya sai in ce gobe. Tsoro nake ji, kuma ba na reshen kaɗai ba. Ya gane sarai, amma bai matsa mini ba, sai dai ya ce matsoraciya, in ce na ji.

Da hantsi ya rasu, ina shanya. Auta ce ta leƙo ta kan katanga, inda kansa ya saba ɓullowa, ta ce, "Yaya, Baba ya tafi." Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ruwansa ya jiƙa mini ƙafa. Allah ya jiƙansa. Na yi kewar mutumin nan fiye da yadda na zata ana kewar maƙwabci.

Bayan mutane sun watse, Auta ta tattara kaya. Ranar da za ta mayar da makulli ta shigo da almakashin a naɗe cikin tsumman da yake goge shi da shi.

"Ya ce naki ne. Ya kuma ce in tsaya a kanki sai kin ƙarasa, don ya san halinki."

"Har yanzu bai yarda da ni ba ke nan."

"Ya ce ke kaɗai ya yarda da ita. Cewa ya yi kada in gaya miki."

Muka shiga gidan tare. Ɗakin wayam, an riga an sauke buhunan siminti a ƙofar gida. Na goge bakin almakashin, na durƙusa, na ƙarasa yankan. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinke ba. Maigidana yana can gefenmu, ya jawo guntun ta rariya ya tura shi cikin ƙasa.

Baba ya taɓa gaya mini cewa zafin rana ne ke faɗin gaskiya, in saiwa ba ta kama ba, ganye zai langaɓe kafin azahar. Washegari ban je cibiya ba. Na ɗauko kujera na zauna a gabansa, na tura hannayena ƙarƙashin cinya don kada su yi abin da suka saba. Ta bayan katanga ina jin ana sare rumfar, ana jan rassa a ƙasa, shebur yana kankarar yashi.

Rana ta take tsaka, inuwar katanga ta janye. Maigidana ya kawo mini ruwa a kofi, ya tsaya bai yi tsokana ba. Ganyen suna nan a buɗe. A can saman, wani siririn zare kore ya miƙa ya kama wayar, ya naɗe ta.