Ranar da Na Kashe wa Gatari Ruwa

Silin ake ce mini a tashar kwana-kwana. Kwas ne ya jawo mini sunan.

Wata kwaleji ce ke bayar da shi ta intanet, a kan yadda ake yin gini da yadda gini ke faɗuwa idan wuta ta ci shi. Oga ya liƙa sanarwar a allo, ya ce mai so ya yi rajista. Ni kaɗai na yi. Ban wuce sakandare ba, kuma kalmar kwaleji ta yi mini daɗi a kunne.

A waya nake kallon darussan, a bayan motar ruwa, inda sabis ya fi ƙarfi. Malamin dattijo ne mai sanƙo, ba ya ɗaga murya. Wata rana ya kawo sanduna da ya haɗa kusurwa uku-uku, irin ƙwarangwal ɗin katakon da ke riƙe rufin manyan ɗakuna marasa ginshiƙi a tsakiya. Ya ɗora bulo a kai, abin ya tsaya daram. Ya zare sanda ɗaya. Komai ya zube a kan teburin.

Ya ce irin wannan rufin ba ya sallama kafin ya sauko. Ya ce wuta tana iya cin katako a saman silin, kai kuwa kana ƙasa kana ganin farin fenti. Sannan ya nuna hoton wata hular kwano da ta lotse kamar gwangwani.

Tun daga nan wuyana bai ƙara miƙewa daidai ba. Shagon aski, banki, falon Anti, duk inda na shiga sama nake fara kallo. Mene ne a bayan wannan silin ɗin? Me aka rataya masa? Wa ya buga ƙusar, kuma yana sauri ko kuwa? In na kwanta, fanka nake kallo har barci ya gaji da jirana.

Anti yayata ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mijinta shi ya samo mini aikin. Gatari ake ce masa, don babu ƙofar da ta taɓa yi masa gardama. Ƙato ne mai dariya kamar ana gangara ganga. Shi ya laƙa mini sunan.

"Silin, me sama ta ce yau? Za ta faɗo ko ta ɗaga mana ƙafa?"

"Yaya, ba abin wasa ba ne."

"Ni da na yi shekaru ina shan hayaƙi, kai da ka sha data, wa ya fi sanin wuta?"

Anti takan ce masa, "Ka bar mini ƙane ya yi karatunsa." Shi kuma ya ce, "Ai ban hana shi ba. Tsoro yake karanta, kuma yana cin jarrabawa."

Da ma a wasa abin ya tsaya.

An kira mu gidan burodi. Wutar ba ta da yawa, itacen tanda ne ya kama. Ina bayan Gatari ina riƙe masa mesa, sai na ji wani abu ya yi ƙara a sama. Ban san lokacin da na ƙwalla ihu ba: "Ku fita! Rufi!" Muka fito a guje, abokin aikinmu Gajere ya faɗi ya fasa leɓe. Muka tsaya a titi muna jira. Rufin bai motsa ba. Kwano ne kawai ya ji zafi ya yi miƙa. Kafin mu koma, wutar ta cinye buhunan fulawar mutumin. Har yau gidan burodin yana nan, in na bi ta titin nakan kau da kai.

Oga bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Daga yau kana kan famfo tare da Baba Direba. Can babu rufi."

Baba Direba ya koya mini aikin famfo: allurar da ke nuna matsin ruwa, bawul na kowace mesa, yadda ake buɗewa a hankali. Ya ce doka ɗaya ce. "Mutum yana ciki, ba ka taɓa ruwansa. Ko uwarka ce ta kira ka. Ruwan nan shi ne tsakaninsa da wuta." Ya sa na maimaita kamar ɗan aji ɗaya.

Ran da abin ya faru, rana ce tsaka, zafi kamar ya fasa kwalta. Wurin sayar da kujeru da katifu ne. Da can ɗakin taro ne, faffaɗa, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Na san shi, na taɓa raka Anti duba kujera, ita tana taɓa yadi ni ina kallon sama. Mai wurin ya ɗora tankunan ruwa biyu a kan rufin, a kan wani ɗan dandamali na ƙarfe.

Hayaƙin da ke fitowa ta ƙofa ba shi da kauri. Mai wurin yana ta rantsuwa cewa wutar a lungun baya take, wajen katifu, kuma ma'aikatansa duk sun fito. Oga ya zagaya baya da mutum uku. Gatari da Gajere suka ɗauki tukwanen iska, suka ja mesa ta ƙofar gaba.

Gatari ya daki hulata yana wucewa. "Ƙanen mata, ka riƙe mana sama, kar ta faɗo."

Motar ruwa ta biyu ta maƙale a kwana saboda 'yan kallo, Baba Direba ya tafi buɗe mata hanya. Ya bar ni da famfo.

Na ce wa kaina, allura za ka kalla. Allura kawai. Amma idona ya ƙi.

Hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin kwanon, ta ko'ina, tun daga wannan kusurwa har waccan. Launinsa ba irin na ƙofa ba ne, ruwan ƙasa ne, kuma turowa yake yi da ƙarfi kamar ana hura shi. Malamin ya taɓa nuna irinsa. Katako ne ke ci.

Na ce wa kaina, haka ka ce a gidan burodi.

A bayan ginin akwai wayar lantarki da ta ratsa daga falwaya zuwa falwaya. Da muka iso, daga inda nake tsaye, wayar tana kwance daidai a kan tsinin rufin, kamar an ja layi da rula. Na lura da ita ne don ba ni da aikin da ya wuce lura da irin waɗannan abubuwan. Yanzu da na sake duba, sai na ga sarari tsakaninsu. A ƙarƙashin tankunan. Ɗan siririn sarari, ana ganin shuɗin sama ta ciki.

Na duba ƙafafuna, ko ni ne na matsa. Suna kan murfin kwata, inda suke tun farko. Na rufe ido na buɗe. Sararin ya kai faɗin yatsa biyu.

Na ɗauki oba-oba, rediyon da muke kiran juna da ita. "Oga, Oga, famfo ne." Shuuu. Na sake kira. Shuuu, da muryar wani can nesa yana neman tsani.

Idan rufi na shirin sauka, ana danna hon ɗin mota da tsawo, a yi ta dannawa, kowa ya bar abin da yake yi ya fito. Oga ne ke ba da wannan umarnin. Na hau mota na kwanta a kan hon ɗin da ƙirjina.

'Yan kallo suka ja baya. Na zuba wa ƙofa ido. Mutum ɗaya ya fito, Gajere. Ya cire takunkumi, ya gan ni a kan sitiyari, fuskarsa ta canza.

"Kai ne? Kai ne kuma?"

"Ina Yaya?"

"Ya ce in duba. In Oga ne in ja masa mesa, in Silin ne in ce ya sha ruwa ya kwanta." Ya fara mayar da takunkumin. "Mun kusa cin ƙarfinta, malam. Kar ka sake."

"Gajere, dubi wayar can. Dubi rufin."

"Leɓena bai gama warkewa ba," ya ce, bai ko ɗaga kai ba.

Na diro. Sararin ya kai tafin hannu. Tanki ɗaya ya ɗan sunkuya wajen ɗan'uwansa, kamar zai raɗa masa magana.

In na shiga, ba zan iya ɗauko Gatari ba, ko da yana so, balle ba ya so. Kuma gaskiya ƙafafuna ba za su kai ni ƙofar ba. Abu ɗaya ne ke fito da Gatari daga wuta. In babu ruwa, ba ya da abin tsayawa yi.

In kuma wutar ta fi yadda Gajere ya faɗa, ruwan ne kaɗai ya tare ta daga fuskarsa. In na rufe, ta taso masa. In rufin bai faɗo ba, ni na ƙona mijin Anti da hannuna, saboda wata waya da wani dattijo mai sanduna.

Na kama bawul ɗin. Ƙarfen yana da sanyi, yana ɗan kaɗawa saboda ruwan da ke wucewa. Na ji muryar Baba Direba a cikin kaina. Na rufe.

Mesar da ke miƙe kamar itace ta saki jiki, ta kwanta a ƙasa.

Gajere ya juyo daga bakin ƙofa. Ban taɓa ganin gudu irin nasa ba. "Ka haukace? Mutum na ciki! Buɗe!" Ya kama hannuna yana murɗawa. Na rungume bawul ɗin da jikina duka. Ya dake ni a haƙarƙari, ya dake ni a wuya. Wani cikin 'yan kallo ya ce, "Zai kashe ɗan'uwansa!" Mata suka fara salati.

Hayaƙin ƙofa ya koma baƙi. Ya cika ƙofar daga sama har ƙasa.

Babu kowa.

Na fara cewa a raina, buɗe, ka yi kuskure, buɗe. Hannuna ya fara sassautawa. Na ga fuskar Anti, na ga bakina yana ƙoƙarin yi mata bayanin wayar lantarki. Na ce, ya Allah, ko rufin ya faɗo ko shi ya fito. Sai na ji abin da na roƙa.

Wani abu ya motsa a ƙasan hayaƙin. Hula. Da rarrafe ya fito, yana bin mesar da hannu. Rigarsa tana tururi. Ya miƙe, ya fizge takunkumin, na ga gefen wuyansa da kunnensa na hagu sun yi ja sun saɓule.

Bai tambayi kowa ba. Ya nufo ni kai tsaye. Gajere ya matsa. Ya ɗaga ni da kwalar riga har ƙafata ta bar ƙasa.

"Ni za ka kashe wa ruwa? Ni?"

Ta kan kafaɗarsa nake kallon rufin, kuma rufin yana nan tsaye.

Ya mare ni. Kunnena ya ɗauki ƙara. Ya ɗaga hannu zai ƙara.

Ba wata babbar ƙara aka fara ji ba. Kamar an taka busasshen kwando. Tankunan suka nutse, a hankali da farko. Sai tsakiyar rufin ta bi su gaba ɗaya. Iska mai zafi ta fito ta ƙofa ta watsar da mu, gilasan gaba suka zube a titi. Da na ɗago, inda tsinin rufin yake babu komai sai wayar lantarki tana lilo.

Gatari yana zaune a ƙasa, hannunsa har yanzu a kwalata. Ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya sake ni.

Oga da mutanensa sun ji hon ɗin sun ja baya, babu wanda ya rasa ransa. Da aka gama kashe wutar daga waje, muka zo naɗe mesar gaba, ta ƙi zuwa. Mu huɗu muka ja. Bakinta yana ƙarƙashin tanki. Baba Direba ya ɗauko wuƙa ya yanke ta daga bakin ƙofa. Bai kalle ni ba, bai kuma ce mini komai a kan dokarsa ba, har yau.

Oga ya ce za a zauna a kan maganar, don wanda ya taɓa ruwan mutum dole a zauna a kansa. Na ce to.

Washegari na je asibiti. Anti tana bakin gado tana yi wa Gatari fifita. An naɗe masa wuya da kunne, likita ya ce kunnen ba zai koma yadda yake ba. Ta dube ni, ta dubi bandejin, ta dubi kumburin fuskata. Ta tura mini kujera da ƙafa, ta fita ɗebo ruwa.

Na zauna. Yana kwance rigingine, idonsa a sama.

"Silin."

"Na'am, Yaya."

"Wannan fa? Mene ne a samansa?"

Na riga na duba tun shigowata. "Kankare ne, ina jin. Akwai bene a sama."

"Kana ji, ko ka sani?"

"Ban sani ba."

Fankar ɗakin tana juyawa, tana ɗan girgiza a inda aka ɗaure ta.

"Ga sandar goge-goge can a lungu," ya ce. "Ƙwanƙwasa mu ji."