Haƙori na Uku

Baba Makulli ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na bayan shago, kwana shida bayan an sako shi daga ofishin tsaro na unguwa. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Takardar asibiti ta ce ciwon zuciya ne. Ba ta ambaci haƙarƙarinsa biyu da suka karye ba, ko da yake likitan da ya sa mata hannu shi ne ya ɗaure su.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha tara. Na yi aikin jarida har ranar da aka rufe ta, shi ya sa yake kirana Edita. "Edita ba jarida," yakan ce, "makulli ba ƙofa."

Abin ya faro ne daga dokar makullai. Wata huɗu da suka wuce gwamnati ta ba da umarni kowane gida ya kai kwafin makullin ƙofarsa ofishin tsaro, wai don a riƙa bincike ba tare da ɓarna ba. Kafin ita an hana taron da ya wuce mutum goma, an kuma ce duk baƙon da zai kwana sai an rubuta sunansa. Muka yi gunaguni a cikin ɗaki, muka fito muka bi layi. Gidaje arba'in da uku ne a titinmu, kuma duk a wurin Baba muka yanko kwafin.

Shi bai yarda da inji ba. Yakan matse makulli a bakin teburinsa, ya jera sabon ƙarfe a gefensa, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da magagari. Kuma ba ya miƙa aiki sai ya taka har ƙofar mai shi ya gwada da hannunsa. A wannan karon bai gwada ko ɗaya ba. Na lura, na tambaye shi.

"Ƙafa ce ta tsufa, Edita."

"Jiya na ga ka tsallake kwata kamar ɗan shekara ashirin."

"To, buga a jaridarka."

Wata safiya jami'ai huɗu suka zo binciken gidan wata malamar makaranta a titinmu, ɗaya yana riƙe da zoben makullai masu lamba. Makullin ya shiga, ya ƙi juyawa. Suka gwada na gidan kusa, shi ma haka. Sai da suka gwada tara. Daga nan suka koma suka ɓalle ƙofar malamar da duka, ƙarar ta fito da duk titin waje. Suka kwashi littattafai kwali biyu, suka dubi jama'a, suka bar malamar tsaye a zaure, ba su tafi da ita ba. A wasu titunan, inda makullai suka yi aiki, sai dai a wayi gari a ga gado babu kowa, ƙofa kuma a kulle lafiya lau.

Bincike ya nuna Baba ya goge haƙori na uku na kowane kwafi fiye da kima, kamar kaurin farce. Mai kantin titinmu ne ya fara faɗin sunansa, tun ba a tambaye shi ba. Da yamma aka zagaya da takarda mai cewa ba da saninmu aka yi ba, kuma muna tir da abin. Gidaje arba'in da ɗaya suka sa hannu. Biyun da suka rage su ne na Baba da na malamar. Ni ma na sa hannu, har na gyara musu waƙafi a layi na biyu.

Aka kama Baba, kwana goma sha ɗaya ya yi a tsare. Aka dawo da shi a bayan mota, aka ajiye a bakin shago kamar buhu.

Ɗansa, wanda ake kira Direba, direban babbar mota ne, yana hanya lokacin da abin ya faru. Ranar Lahadi da la'asar na shiga dubiya na sami ɗan zaune a bakin gadon. Matar Baba, wadda duk titin ke kira Inna, tana tsaye da kofin ruwa. Ɗakin yana warin man shafawa da ƙarfe. A jikin bango akwai allon ƙusoshi, kowace ƙusa da makullan da ba a yanka ba tukuna.

"Baba, akwai mutane masu makamai a bayan duwatsu," in ji Direba. "Na sha wucewa ta wurinsu. Su ba takarda suke sa wa hannu ba." Ya juyo ya dube ni, bai gaishe ni ba.

"Bindiga ba ta san lambar gida ba, ɗan nan."

"Magagarinka fa? Ya hana su shiga? Sun fasa ƙofa, sun fasa maka ƙirji."

"Sun fasa. Amma an ji." Baba ya tsaya ya nemi numfashi. "Mai shiga da makulli ba a jin sa. Ni dai na sa an ji."

"An ji, sai aka yi me? Aka karɓi biro."

Baba ya kwantar da kai. Ya dubi silin, ya ce, "Edita, kai ka yi karatu. Gaya masa."

Na tuna hannun da na sa a takardar nan. Na ce Allah ya ƙara sauƙi.

"Ka ji babban labarin shafin farko," in ji Direba.

"Kai, rufe mana baki, sa'an ubanka ne," in ji Inna.

Baba ya ɗaga yatsa. "Tambaya ɗaya. Ranar da kuka ci, wa zai riƙe zoben makullan?"

"A kogi za mu zubar."

Baba ya yi dariya, dariyar ta taɓa haƙarƙarin, ya dafe gefensa har hawaye suka fito. "Haka waɗannan ma suka ce, lokacin suna neman kujerar."

"To, mu zauna ke nan? Su gama da mu ɗaya bayan ɗaya, muna goge ƙarfe?"

"Ban sani ba," in ji Baba. "Wallahi ban sani ba. Ni abin da na iya na yi."

Ranar Talata Inna ta kai masa ruwan wanke fuska ta tarar ya cika.

Sai da aka nemi izinin jana'iza. Takardar ta fito da azahar, ta yarda da mutum goma. Mu bakwai muka je. Wasu sun leƙo ta taga muna wucewa, suka saki labule. Mai kanti ya aiko da gaisuwa, ya haɗa da tambayar ko za a ba da hayar shagon, tunda yana bakin hanya.

Washegari Inna ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta miƙo wani abu a naɗe cikin tsumma. Magagarin ne, ƙotarsa ta yi baƙi saboda gumin hannu.

"Ya ce a ba Edita. Wai kai ma ka saba da gyara."

Direba ya fita ranar Alhamis da ƙaramar jaka. Inna tana gaya wa duk mai tambaya cewa ya koma aiki. Motarsa tana nan a ƙarshen titi inda ya ajiye ta, ganye ya fara taruwa a kan gilashin.

An fitar da sabuwar sanarwa. Kowane gida zai kai sabon kwafi, yankan inji, kafin ranar Litinin. An ce za a gwada wasu, ba a ce waɗanne ba. Tun jiya layi ya miƙe a wurin mai inji na kasuwa, ana ta raha ana tura juna. Na bi layin, na yanko nawa, na gwada a ƙofata. Yana juyawa sumul.

Yau Asabar. Makullin yana kan teburina, magagarin yana gefensa, ban buɗe tsumman ba tukuna.