Ƙulli Ɗaya Na Safe

Ni ce na soke zuwan Umma shagon Mai Zare, kuma a ranar har yaba wa kaina na yi. Minti biyu abin ya ɗauke ni a waya, ina zaune a ofis da cokali a hannu: na cire "a ajiye a shago", na danna "a kawo har gida". Na kira Yaya na faɗa masa, ya ce, "Kin kyauta, Auta. Da ma tafiyar nan ba ta kwanta mini ba."

Umma mahaifiyarmu ce, malamar firamare mai ritaya, shekararta saba'in da huɗu, ita kaɗai a gidan da muka tashi. Tun rasuwar Abba nake fama da ita ta dawo wurina. Na gyara mata ɗaki, har labule na saka kalar da take so. Ta zo ta duba, ta ce ɗaki ya yi kyau, Allah ya kawo mai kwana a ciki. A ƙarshe muka yi yarjejeniya mu uku a falonta: za ta zauna a gidanta muddin tana iya kula da kanta, ranar da ta kasa kuwa babu musu, za ta haɗa kaya. Yaya ya so a rubuta. Umma ta ce shekara talatin tana riƙe da aji, ba a taɓa sa ta rubuta alkawari ba.

Magani uku take sha kullum, na hawan jini, na sukari, da na zuciya. Kantin magani ke aiko su duk wata, a ajiye a wani ɗan shago da ke bayan babban titi, inda wata dattijuwa ke sayar da zare, maɓalli, zif da robar wando. Kamfanin saƙo ya ba ta kanta guda ta ajiye kwalayen mutane. Kowa Mai Zare yake ce mata. Duk Alhamis ɗin farkon wata Umma za ta ɗauki jaka ta tafi, ta tsallaka titin nan da masu mota ba sa ganin tsoho, ta yi awa biyu kafin ta dawo. Awa biyu don kwali ɗaya! Sau ɗaya na taɓa raka ta, na tsaya a waje ina amsa waya, ina kallon matar ta tagar shago tana neman tabaraunta alhali yana kanta. Na ce a raina wannan ba tsari ba ne.

Da na gaya wa Umma abin da na yi, ta ce, "Wa ya ce miki na gaji?"

"Ba sai kin faɗa ba, Umma. Yanzu kina zaune za a miƙo miki."

Ta ce, "To. Allah ya yi albarka." Na san muryar, amma na yi kamar ban sani ba. Ni mutum ce mai son abu ya tafi a kan layi, kuma idan na riga na gyara abu ba na son a dawo da ni baya.

Watan farko komai lafiya. Mai babur ya kai, ya ɗauki hoton hannun Umma riƙe da saƙon, hoton ya shigo wayata, na tura wa Yaya. Wata na biyu ma hoto ya zo. Sai dai muryarta ta fara nauyi a waya, tana yawan cewa kanta na ciwo. Ranar da na leƙa ta, na ga ƙafafunta sun kumbura, ta ce gishiri ne ya yi mata yawa. Na ce, "Kina dai shan magani ko?" Ta ce, "Ni za ki yi wa tambayar aji?" Na yi dariya na tafi, don ina da taro.

Wata Talata da safe baƙuwar lamba ta kira ni.

"Ke ce 'yar Malama? Mai Zare ce. Akwai saƙonku a shago."

"Inna, ai mun daina ajiya a wurinku."

"Na sani. Wannan ba na kamfani ba ne. Ki zo yau, kada ki bari sai gobe."

Na je da rana, raina a ɓace, don sai da na zaga sau biyu kafin na sami inda zan ajiye mota. Shagon bai fi mutum uku ya ɗauka ba. Ta bar ni a tsaye har ta gama auna wa wata mata roba kamu huɗu, ta nemo wa wani tela maɓalli mai ido biyu a cikin gwangwani. Da suka fita ta jawo wata ambulan daga ƙarƙashin kanta ta miƙo mini. Babu komai a ciki sai guntayen zare da aka yanka daidai tsayi, da ulu mai kauri.

"Ƙulli ɗaya na safe," in ji ta. "Ƙulli biyu na yamma. Ulu kuma na sukari ne, wanda ake sha da abinci."

"Inna, duk wannan a rubuce yake a jikin kwalin. Da manyan baƙaƙe ma."

"Eh, a rubuce yake," ta ce, ta ci gaba da naɗe robarta.

Na sake duban zaren. Da na gane abin da take nufi, na nemi kujerar roba da ke gefe na zauna.

Ta ba ni labarin ba tare da ta kalle ni ba. Shekara ɗaya da rabi ke nan, Malama ta zo karɓar saƙo, ta sa hannu a littafi a kan sunan wani. Wata na gaba ta ciro kwali tana dubawa kamar mai karantawa, alhali a kife ta riƙe shi. "Na ce mata, Malama, kwalayen nan suna buɗewa a jaka, bari in ɗaure miki. Ina ɗaurawa ina magana da kaina, wannan na safe, ƙulli ɗaya. Ita kuma tana shafawa. Shi ke nan. Ba ta taɓa ce mini ba ta gani ba, ni ma ban taɓa ce mata na lura ba."

"Me ya sa ba ki neme ni tun tuni ba?"

"Ba maganata ba ce. Da saƙon ya daina zuwa na ɗauka ta koma wurinki. Jiya maƙwabciyarta ta zo sayen zif, ta ce Malama na nan amma ba ta fita. Na binciko tsohon littafi na sami lambarki." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Na tona mata asiri, na sani, kuma zan ɗauki fushinta. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki je mata da faɗa. Na ga fuskarki, ta masu faɗa ce."

Gaskiya ta faɗa. A mota na shirya faɗan tsaf, da farko da tsakiya da ƙarshe.

Na tarar da Umma a kujerar baranda, rediyo a cinyarta. Na gaishe ta na wuce ɗakinta kai tsaye, na jawo durowar gefen gado. Tsofaffin kwalaye uku na ciki, kowanne da zarensa, sun yi laushi don shafa, babu ko ƙwaya a cikinsu. A bayansu ga sababbi uku, ko buɗe su ba a yi ba. Kantin ya canza kamfani, duka ukun farare ne, girmansu ɗaya. Na lissafa daga ranar da hoton ya shigo wayata: kwana goma sha tara ba ta sha magani ba. Da na juya sai na ga akwatin tafiyarta, wanda ke saman kabad tun ina makaranta, an sauko da shi, yana buɗe a bayan ƙofa. Ta jera zannuwanta a ciki, da hoton Abba a nannaɗe cikin tawul.

Nan take na manta da faɗan da na shirya.

"Na ji ƙarar durowa," in ji Umma daga bakin ƙofa. Ta dafa bango. "Kin je wurin Mai Zare."

"Tun yaushe, Umma?"

"Manyan abubuwa ina gani. Ke ma ga ki nan, kin tsaya kamar ƙofa. Rubutu ne ya gudu." Ta zauna a bakin gado. "Watan farko kwalayen irin na da ne, na gwada su da tsofaffin na gane. Waɗannan kuwa duk uwarsu ɗaya. Na ce gara in bari da in sha na zuciya sau biyu."

"To ai sai ki kai mata ta ɗaura miki."

"In je in ce mata me? A da, saƙon ne ke kai ni. Yanzu in zuba magani a jaka, in tsallaka titi, in ce ga ni, karanta mini? Ni da na koya wa rabin layin nan karatu?" Ta gyara zaman ɗankwalinta. "Kira yayanki. Alkawari na yi, ba zan sa ku roƙe ni ba."

Wayar na hannuna. Shekara uku ina jiran wannan magana, ga ɗaki can da labulensa. Amma kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara ɗaya da rabi matar nan ba ta karanta ko harafi, kuma ba ta taɓa kuskuren ƙwaya ɗaya ba. Tana da hanyarta, tana da mutuniyarta. Ba ita ta kasa ba, ni ce na shiga da minti biyuna na yanke zaren.

Na ajiye wayar, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na zazzage ambulan ɗin a kan gado. Na karanta kwalin farko da ƙarfi, na naɗa masa zare na ƙulla, na sa mata a hannu. Ta shafa da babban yatsa.

"Wannan ƙulli ne ko ƙari?"

"Umma, ƙulli ɗaya ne."

"Uku kika yi a wuri ɗaya, mai gaggawa. Kwance. Ki zagayo sau biyu, ki ja a hankali, ki bar masa jela."

Na kwance na sake. Sai a karo na uku ta ce, "To, an ci jarrabawa da ƙyar." Hawaye na zuba mini a kan kwalin, na gode wa Allah da ba ta gani, sai ta miƙo hannu ta share mini da gefen mayafinta.

A ranar na kai ta asibiti. Likita ya auna jininta, ya yi mana faɗan da ni ban samu na yi ba, ya gyara mata yadda za ta koma shan maganin. Likitan ido ya ce yanar ido ce, ana cirewa, ya sa mu a layi. Da yamma na kira Yaya na gaya masa komai. Ya ce, "To ai magana ta ƙare, yaushe za mu kwaso ta?" Na ce babu inda za ta. Muka yi ta yi, ya tuna mini ni ce na fi kowa matsawa, na ce na sani, kuma ni ce na fi kowa ɓata lamarin. Na hau kujera na mayar da akwatin saman kabad, Umma na ba ni umarni daga ƙasa. Sannan na buɗe waya na mayar da "a ajiye a shago".

Alhamis ɗin farkon wata na ɗauki rabin yini a ofis. Umma ta ce in zan bi ta in bi ta, amma kada in riƙe mata hannu kamar mai kai akuya kasuwa. Na bi ta a baya. Ashe ba ita kaɗai take tsallaka titin ba: tana tsayawa wurin mai gyaran takalmi, su gaisa, shi ya tashi ya ɗaga wa motoci hannu. Mai sayar da jarida ya tambaye ta ina ta shiga kwana biyu. Nan awa biyun ke tafiya.

A ƙofar shago na ɗan ja baya, don ban san me za ta ce wa matar da ta tona ta ba.

"Mai Zare, kina nan da dogon bakinki?"

"Ina nan, Malama. Ga saƙonki ya iso tun jiya." Ta sauko da shi, ta yanka ledar da almakashi, ta jera kwalayen a kan kanta. "Kwalayen nan suna buɗewa a jaka. Bari in ɗaure miki."

"Ɗaure. 'Yata ta gwada, aikin bai karɓe ta ba."

Na tsaya a lungu tsakanin zif da maɓallai, da godiyar da na tsara tun daga gida. Na ce, "Inna, ban san da bakin da zan gode miki ba." Ta ce, "Matsa, kin tare mini haske," ta ci gaba da ƙulli tana magana da kanta, wannan na safe, wannan na yamma.

Da ta gama ta buɗe littafin sa hannu, ta ba Umma biro. Umma ta ɗaga biron da isa irin ta malamai, ta nufi wurin da ba layinta ba. Mai Zare na tambayarta labarin ƙafa, idonta na kan fuskar Umma, sai na ga yatsunta biyu sun tura littafin sama kaɗan, a hankali, har layin ya zo daidai ƙarƙashin biron. Umma ta sa hannu a kan sunanta.