Inda Almakashin Roukema Ya Bi

Ni ban so ba shi hayar ɗakin ba. Ƙanwarsa ce ta zo ta yi ta kuka a falona, wai tun da aka sako shi daga sansanin da aka tsare shi bayan yaƙi ba wanda ya yarda ya buɗe masa ƙofa. Na ce ai da dalili. Duk Amsterdam an san Aldert Roukema. Ina budurwa, shi ne mai majigin da yake kafa tanti a filin wasan shekara, yana juya na'urarsa da hannu, mu kuma muna maƙale da juna a kan benci. Daga baya ya fara ɗaukar nasa finafinan, na masunta da na kasuwanni. Da fim mai magana ya zo, yara suka sha gabansa, aka manta da shi. Sai Jamusawa suka shigo, su suka tuna da shi, suka ba shi ofis da mota, bai ce a'a ba.

A nan ba a cewa mutum ya ci amanar ƙasa. Sai a ce "ya yi kuskure lokacin yaƙi", kamar wanda ya hau taragon da ba nasa ba. Kalmar nan haushi take ba ni har gobe. Duk da haka na ba shi ɗakin can sama ƙarƙashin rufi, da sharaɗin kada in ji warin taba kusa da gwangwanayen fim ɗinsa. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma da ƙyar.

Wata rana da yamma ana yayyafi, wata mata ta buga ƙararrawa. Siririya ce, rigar sanyinta ta yi mata yawa. Ta ce sunanta Mevrouw Speijer, Meneer Roukema take nema. A nan haka muke cewa Malama da Malam.

"Me ya yi kuma?" na tambaya.

"Ba komai. Wani abu nake so ya nuna mini."

Na shigar da ita kicin, na zuba mata kofi, na miƙa mata gwangwanin biskit. Ta ɗauki ɗaya ta riƙe ba ta ci ba. Ta ce mijinta Barend yana sayar da kokwamba mai tsami a kasuwar unguwar Yahudawa. Kafin yaƙi Roukema ya zo da kyamararsa ya ɗauki kasuwar, ranar kuwa 'yarsu Fietje tana wurin, ba ta ma shiga makaranta ba a lokacin. Jamusawa suka kwashe Barend da Fietje rana ɗaya, ita uwar tana layin burodi, ba su sake dawowa ba. Wasu manoma suka ɓoye ta a ƙauye. Da ta dawo, ta tarar da wasu mutane a gidanta, ko hoto ɗaya bai tsira ba.

"Fuskarta ta fara kuɓuce mini, Mevrouw," ta ce. "Ina tuna gashinta, ina tuna kunnenta. In na zo haɗa su sai abin ya ƙi."

Na ajiye buta na tsaya a ƙasan matakala na ƙwala masa kira.

Ya sauko da silifas, ya saurare ta a tsaye, yana ta murza maɓallin rigarsa.

"Na ainihin babu shi," ya ce. "Sai wanda aka sake shiryawa."

"Wanda kai da Jamusawa kuka nuna a sinima da muryar zagin Yahudawa a kai?" na ce. "Kai Meneer, ba ka da kunya."

"Na'urata ta tsohon yayi ce, ba ta fitar da murya."

"Ko da muryar ne zan kalla," in ji matar.

Muka hau. Na rataya bargo a taga, na cire zanin gadonsa na kafa a bango, na ajiye bokitin ruwa kusa da ƙafata don fim ba ya wasa da wuta. Ya zare fim ɗin, ya kama mariƙin na'urar. Ya ce a sinima sun sa shi da gudu ne, don mutanen su riƙa zabura kamar ƙwari. Shi zai juya yadda ya ɗauka. Na so in ce masa wa ya koya musu dabarar, amma na haɗiye.

Kasuwar ta fito a jikin zanin gado. Na san ta sarai, can nake sayen maɓallai. Mata da kwanduna, wani tsoho yana tura amalanke, kowa yana tafiyarsa ta ɗan'adam. Yanzu wurin fili ne kawai da ciyawa.

"Ga shi nan," ta ce.

Wani ƙato ne mai hula a bayan gangar kokwamba, ya ɗaga hannu, baki buɗe, kamar yana zagin wani. Na tuna a nan ne muryar take cewa a dubi yadda suke yi wa mai saye. Matar ta matso har inuwar kanta ta taɓa zanin.

"Ba faɗa yake ba. Dubi bakinsa. Fietje yake kira, ta je bakin ruwa." Ta yi 'yar dariya. "Kullum sai ta je. Yanzu za ta rugo, ku tsaya ku gani."

Barend ya sunkuya ya buɗe hannuwa. Daga gefen hoton wani ɗan ƙaramin hannu ya shigo, yatsu a ware. Sai kawai hoton ya koma wani lungu mai shara.

Roukema ya daina juyawa, ya rufe fitilar.

"Ina sauran?" ta ce.

"Na yanke."

"Ina guntun?"

"Guntaye ana tara su ne a buhu, a kai masana'anta a narke a cire azurfar jiki."

Ana jin ruwa yana bugun rufi.

"Jamusawan suka ce ka cire ta?" ta tambaya.

Da ya ce eh, da ta yarda, ni ma da na yarda. Amma mutumin nan ko a gaban kotu bai yarda an ce wani ya koya masa aikinsa ba.

"Ba wanda ya ce. Ya ɗaga ta sama, tana dariya. Duk wanda ya ga wurin nan sai ya ji tausayinsu. Ni na san abin da hoto yake yi wa mutane."

Wallahi na ji kamar in juye masa bokitin a ka. Ita kuwa ko murya ba ta ɗaga ba.

"Ke nan ka kalle ta sosai, Meneer. Kafin ka yanke."

"Na kalla. Sau da yawa."

"To faɗa mini. Yaya take?"

Ya rufe ido. Na ga yana nema da gaske, har goshinsa ya yi gumi.

"Hasken daga hagu yake zuwa, ruwa yana mayar da shi a ƙasan haɓarta. Ina tsaye a kan amalanken wani mai lemo. Hoto ne mai kyau, ban taɓa ɗaukar kamarsa a kasuwa ba."

"Fuskarta nake tambaya."

"Fuskar ban riƙe ba, Mevrouw."

Hawaye suka zubo mini, ni da ban taɓa ganin yarinyar ba. Na kama hannun matar na ce ta zo mu sauka, kofi bai huce ba. Ta zare hannunta a hankali, ta jawo kujerarsa ɗaya tilo, ta zauna dab da zanin gadon.

"Mayar da shi baya," ta ce. "Daga inda ya sunkuya. In hannun ya shigo, kada ka yi sauri."