Shuɗin Ƙofar Malam Bunu

"Baba Usaini, wa ya ce ka taɓa masa katako?"

Gumsu ce, 'yar Malam Bunu, take min ihu a bakin shagon ubanta. Ni kuwa ina tsaye rungume da katakon madaci, ruwan sama na zuba ta hudar kwano daidai inda na ɗauke shi.

Na ce, "Ke, rufe min baki. Shekarata hamsin da huɗu ina sassaƙa. Ba a barin madaci a ƙarƙashin yoyo, ko na maƙiyi ne."

Maƙiyin nawa ne kuwa. Ni Usaini na sassaƙa rabin turamen Haɗeja. Kwale-kwalen da na fafe suna nan suna yawo har Kirikasamma. Ambaliya uku ta ci gidana, kwale-kwale ya taɓa kifewa da mu mu tara, ni kaɗai na fito ta cikin ciyawar kacala. Sai ga wannan mutumin ya yi ritaya daga koyarwa, ya sayo injin sassaƙa daga Kano, ya kafa shi jikin katangata. Ya zana abu a kwamfuta, injin ya yi ta kuka yana huda katako, shi kuma ya dama wani ƙaro mai wari da yake kira efoksi, ya sa masa launi, ya zuba a ramukan. Wai shi ma masassaƙi! Da za a yi wa masallacin unguwarmu sabuwar ƙofa, dattawa suka tsallake ni suka ba shi. Tun ranar ban ƙara amsa sallamarsa da baki buɗe ba.

Yanzu tari ya kwantar da shi. Ƙurar ƙaron nan ya yi ta shaƙa ba ya rufe hanci, na faɗa wa matata Hajo tun bara cewa za a rina.

Gumsu ta shiga gida da gudu. Can sai ga Malam Bunu an riƙo shi, ya rame kamar sandar tuƙi. Ya dubi injin, ya dubi ramukan kusoshin da na kwance, ya zauna a kan benci.

"Usaini, ka kashe ni kafin Allah ya kashe ni."

"Ceton katakonka na yi, butulu."

"Jahilci dai! Launi huɗu ne a ƙofar nan. Inji ya huda, in zuba kore, ya kwana biyu ya daskare, a share, ya sake huda wa ja. Haka na yi wa rawaya. Shuɗi kaɗai ya rage. Muddin katako ya motsa ko da faɗin gashi ne, inji ya manta inda yake. In na kunna shi yanzu, cikin koren zai yanka."

"To mayar da shi mana."

"Da wane numfashin zan sake saita shi? Kuma ka cire min katakan da na yi alama da su, ga su can ka watsar."

Ya yi tari har ya jiƙe bakin rigarsa. Gumsu ta ce Juma'a mai zuwa za a ɗora ƙofar, likita kuma ya ce a kai shi gida a yi ta addu'a. Na dubi katakon. Ba zan ɓoye ba, aikin ya yi kyau, taurari kore da ja suna sarƙe da juna. Haushi ya ƙara kama ni.

Na ce, "Nuna min inda shuɗin zai bi."

"Me za ka yi?"

"Abin da injinka ya kasa."

Ya sa Gumsu ta buɗe kwamfuta. Layi ne siriri ya kewaye taurarin yana lanƙwasa, kamar yadda kogi yake yi bayan gada. Kallo biyu na yi masa. Na aika Hajo ta ɗauko min kurfina na fafe katako da guduma.

Kwana uku ina fafe ramin nan da hannu, shi yana kwance a tabarma a gefe yana zagina.

"Ka yi zurfi, tsohon banza."

"Kai da ba ka taɓa riƙe kurfi ba."

"Nan ka karkace."

"Idonka ne ya karkace."

Ko sau ɗaya bakin ƙarfena bai taɓa korensa ba. A tambayi Gumsu, tana raye.

Ranar Talata da hantsi muka zo zubi. Muryarsa ta dushe, sai na sunkuya nake ji. Ya ce in fara shafe ramin da ƙaro fari tukuna, kar shuɗin ya bi jijiyar katako ya ɓata. Na ce wannan na sani tun kafin a haifi injinsa, ko da yake ranar na fara ji. Bayan ya sha iska, ya nuna min galan biyu na ƙaron, ya ce kofi biyu na babbar, ɗaya na ƙaramar, in sa shuɗin launi, in dama a hankali kar ya yi kumfa.

"Ba kunu kake damawa ba, Usaini."

Na zuba. Shuɗin ya bi ramin da na fafe har ya haɗe da kansa. Gumsu ta bi da wutar gas sama-sama, ƙananan kumfa suna fashewa.

Da la'asar ya ce a matso da shi. Ya miƙa hannu, ya ɗora babban yatsa a kan shuɗin, a kusurwar ƙasa.

Na ce, "Kai da ka ce kar a taɓa sai ya kwana biyu?"

"Ba ni da kwana biyu." Ya janye yatsan, ya duba. "Bai yi laifi ba. Inji zai fi ka."

"Ƙarya kake."

Aka mayar da shi kan tabarmarsa. Washegari bayan azahar na ji kukan mata ta kan katanga. Ni na shiga kabarin na karɓe shi, don duk unguwar babu mai ƙarfin bayana.

Ranar Alhamis na zauna da samfefa na goge ƙofar, na shafa mata mai. Gumsu ta nuna kusurwar ƙasa ta ce, "Baba, nan ka bar lotsawa."

Na ce, "Ke kika san aiki ko ni?"

Ƙofar tana nan a masallaci. Ni nake riga kowa zuwa sallar azahar, in zauna a dakali in cire takalmi. Rana tana dukan shuɗin daga sama, tana gangarowa har kusurwar ƙasa, inda zanen yatsansa yake.